Wallace Hartley: Mai Gogen Titanic Da Duniya Ta Yaba, Kamfani Ya Ce Ba Ma'aikacinsa Ba Ne



Duk wanda ya kalli Titanic yana da wurin da ya fi tsaya masa a rai. Wasu za su ce inda Jack da Rose suka tsaya a goshin jirgi, wasu su ce inda Rose ke kwance a kan katako Jack na cikin ruwa, har yau ma ana musu a kan ko katakon zai ɗauki mutum biyu. To amma ku tuna da makaɗan nan da suka ci gaba da kiɗa jirgi na nitsewa. Sun yi sallama da juna za su watse, sai shugabansu ya ɗaga gogensa shi kaɗai, sauran suka juyo ɗaya bayan ɗaya suka kama masa. Jack da Rose ƙirƙira ce ta James Cameron, babu su a duniya. Shi kuwa mai gogen nan mutum ne na gaske, sunansa Wallace Hartley, kuma tarihinsa nake so mu duba yau.

Abin da ya sa na zaɓe shi, fim ya nuna mana jarumtakarsa ne kawai. Sai ka shiga littattafan da aka rubuta a kan jirgin sannan za ka ga yadda aka ɗauki makaɗi a wancan zamani, da abin da ya sami iyalansu bayan an gama tafa musu. Kuma wallahi in kana karantawa sai ka rantse labarin wasu makaɗanmu ne.

ƊAN GIDAN MAI KOYAR DA WAƘA

An haifi Wallace Henry Hartley ranar 2 ga Yuni 1878 a wani ƙaramin gari mai suna Colne, a yankin Lankasha ta arewacin Ingila. Gari ne na masaƙun auduga, yawancin mutanensa ma'aikatan masaƙa ne. Mahaifinsa Albion Hartley shi ne shugaban mawaƙan majami'arsu, don haka a cikin waƙa yaron ya buɗe ido. Ya shiga sahun mawaƙan tun yana ƙarami, kuma a hannun wani mutumin majami'ar ya koyi gogen Turawa, wanda ake maƙalawa a ƙarƙashin haɓa, mai tsirkiya huɗu. Namu gogen irin na Audu Yaron Goge tsirkiya ɗaya gare shi, amma dai dangi ɗaya suke, dukansu da izga ake goga su.

Da ya gama makaranta bai faɗa kiɗa kai tsaye ba. Aikin akawu ya samu a wani banki a garinsu. Ku ƙaddara saurayi ya sami aikin banki a Kazaure, albashi na shigowa duk wata, sannan ya ce shi kiɗa zai yi. Kun san irin kallon da za a yi masa a gida. Shi dai Hartley zuciyarsa na kan goge. Da iyalinsu suka koma garin Huddersfield sai ya shiga ƙungiyar makaɗan garin. A 1903 ya bar gida ya koma Bridlington, wani garin bakin teku da ake zuwa hutu, ya yi shekaru yana kiɗa a ƙungiyar makaɗan hukumar garin. Daga nan kiɗa ya zama sana'arsa ta ci da sha.

A 1909 ya shiga aikin jiragen ruwa na kamfanin Cunard, masu jigila tsakanin Ingila da Amurka. Ya yi aiki a Lucania, da Lusitania, da Mauretania wanda a lokacin babu jirgin da ya kai shi gudu a tekun Atlantika. A zamanin babu rediyo a ɗaki, babu talabijin, balle waya mai ɗauke da waƙa dubu. Tafiya ce ta kusan mako guda a kan ruwa, kuma duk nishaɗin manyan fasinjoji yana hannun makaɗa: lokacin shan shayi, lokacin cin abincin dare, da ranar Lahadi wajen ibada.

A cikin shekarun nan ne ya haɗu da Maria Robinson. A 1910 aka yi musu baiko, ita kuma ta ba shi kyautar goge, an liƙa masa ɗan farantin azurfa ɗauke da sunayensu don tunawa da baikon. Ku riƙe zancen gogen nan, zai sake fitowa.

YADDA ƊAN KWANGILA YA SHIGA TSAKANI

Nan ne wurin da fim bai taɓa ba, kuma nan ne zuciyar labarin.

Kafin 1912 kamfanonin jiragen su ke ɗaukar makaɗansu da kansu. Makaɗi ma'aikacin jirgi ne kamar kowa, ana ba shi fam 6 da sule 10 a wata, da ƙarin sule 10 na kayan sawa na aiki. Sai wasu 'yan'uwa biyu na Libaful, masu kamfanin C.W. & F.N. Black, suka karɓi kwangilar samar wa manyan jiragen makaɗa a farashi mai rahusa. To rahusar daga aljihun wa za ta fito? Daga na makaɗi mana. Albashi ya sauko zuwa fam 4, kuɗin kayan sawa kuma aka soke shi, kai za ka ɗinka wa kanka. In ka ƙi, ba ka da inda za ka, don duk manyan jiragen suna hannunsu.

Ƙungiyar makaɗan Ingila ta kai kuka wurin Bruce Ismay, shugaban kamfanin White Star mai Titanic. Maimakon gyara, sai abin ya ƙara lalacewa: aka cire makaɗan daga jerin ma'aikatan jirgi gaba ɗaya, aka koma rubuta su a matsayin fasinjojin aji na biyu. Wato kana aiki dare da rana a jirgi, kana sanye da kayan aiki, amma a takarda kai matafiyi ne kawai. Duka makaɗan Titanic su takwas a kan tikiti guda ɗaya suka shiga.

A farkon Afrilun 1912 Hartley ya sauka a Libaful daga Mauretania, sai aka ce masa an ba shi shugabancin makaɗan sabon jirgi. Ba ya son ya sake yin nisa da Maria, amma ya duba ya ga jirgi ne da attajiran duniya za su cika, wataƙila a nan zai sami hanyar da za ta kai shi gaba. Ya karɓa. Shekarunsa 33.

SU TAKWAS

Titanic ya tashi daga Southampton ranar 10 ga Afrilu 1912, ya biya Cherbourg ta Faransa, washegari ya tsaya a Queenstown ta Ayalan, sannan ya miƙi hanyar New York da mutum sama da 2,200. Mu nan Yankwashi da Roni da Gwiwa da Babura, babban ruwan da akasarinmu muka saba gani shi ne dam ɗin Kazaure, don haka bari in kwatanta: tsawon jirgin mita 269 ne, wato ka jera filin ƙwallo biyu da rabi.

Makaɗan an raba su gida biyu. Hartley na jagorantar mutum biyar, sauran ukun kuma suna kiɗa a kusa da wani ɗakin cin abinci na manyan masu kuɗi. Akwai Jock Hume ɗan Sikotlan mai goge, shekara 21. Akwai Georges Krins ɗan Beljiyam, shi ma mai goge. Akwai Roger Bricoux ɗan Faransa, shekara 20 kacal, mai kaɗa babban goge irin wanda ake jinginawa tsakanin gwiwoyi. Sai Theodore Brailey mai fiyano, da John Wesley Woodward, da Percy Taylor, da John Clarke.

Aikin ba na wasa ba ne. Kamfanin na da ɗan littafi mai ɗauke da kiɗa 352, kowanne da lambarsa. Fasinja zai ce a yi masa lamba kaza, dole makaɗi ya san ta ba tare da inda-inda ba. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake tsayar da mawaƙi a wurin biki a ce sai ya yi waƙa kaza yanzu-yanzu, ya san nauyin abin.

A ranar farko Hartley ya rubuta wa iyayensa wasiƙa, aka aika ta daga Queenstown. A ciki ya yabi jirgin, ya yabi abokan aikinsa, ya nuna yana sa ran za a sami alheri daga fasinjoji, ya kuma faɗa musu ranar da yake sa ran dawowa gida. Ita ce wasiƙarsa ta ƙarshe gare su.

DAREN 14 GA AFRILU

Ƙarfe 11:40 na daren Lahadi jirgin ya gogi wani dutsen ƙanƙara, gefensa ya buɗe a ƙarƙashin ruwa. Kwale-kwalen ceto guda 20 ne kawai a jirgin, masu ɗaukar mutum 1,178, wato kusan rabin waɗanda ke ciki. Ruwan kuwa sanyinsa ya kai digiri 2 ƙasa da sifili. Hunturunmu da muke kuka da shi muna jin wuta, ko kusa bai kama ƙafar wannan ba. Wanda ya faɗa ciki, cikin mintuna sanyi ke gama da shi.

Bayan sha biyun dare Hartley ya tara mutanensa a falon manyan fasinjoji suka fara kiɗa. Ba kiɗan baƙin ciki suka fara da shi ba, kiɗan rawa ne mai sauri mai sa nishaɗi, don hankalin mutane ya kwanta a shiga kwale-kwale ba tare da turmutsutsu ba. Da jama'a suka koma saman jirgi inda ake sauke kwale-kwalen, makaɗan suka bi su can. Waɗanda suka tsira da yawa sun ba da shaidar cewa suna jiyo kiɗan daga cikin ruwa jirgin na ƙara karkacewa.

Ku lura da wani abu. Tunda a takarda fasinjoji ne, suna da damar su ajiye kayan kiɗa su nemi hanyar tsira kamar kowa. Gaskiya ne damar ba ta da yawa, don mata da yara aka fara sakawa, kuma a cikin mazan aji na biyu ko kashi goma cikin ɗari ba su tsira ba. Amma mutum in ya ga mutuwa ko igiyar gizo-gizo ce kamawa yake. Su ba su watse ba. Ƙarfe 2:20 na dare jirgin ya nitse. Mutum kusan 1,500 suka mutu, kimanin 700 suka tsira, jirgin Carpathia ya kwashe su da asuba. A cikin makaɗan takwas babu wanda ya fita.

WACE WAƘA SUKA YI TA ƘARSHE?

Wannan musun ya fi shekara ɗari, kuma a cikin littattafai ake yin sa. A fim ɗin Cameron an nuna sun rufe da waƙar majami'a mai suna Nearer, My God, to Thee. Wasu da suka tsira sun ce ita suka ji, jaridu kuma suka kama nan take. Wani makaɗi da ya yi aiki da Hartley a Mauretania ma ya ce Hartley ya taɓa gaya masa cewa in jirgi zai nitse da shi, tana cikin waɗanda zai kaɗa.

Amma Kanar Archibald Gracie, wanda yana kan jirgin har ƙarshe kuma ya rubuta The Truth about the Titanic da ya fito a 1913, ya ce shi kiɗan nishaɗi ya ji, bai ji waƙar ba. Harold Bride kuwa, ƙaramin ma'aikacin na'urar aika saƙo, ya gaya wa jaridar New York Times cewa abin da ya ji shi ne wani kiɗa mai suna Autumn. Walter Lord, marubucin A Night to Remember na 1955, wanda ya tattauna da mutum sama da sittin da suka tsira, ya bi maganar Bride. A littafinsa na biyu a kan jirgin, The Night Lives On na 1986, ya ƙara da cewa mai yiwuwa Bride na nufin Songe d'Automne ne, wani kiɗan rawa mai taushi na Archibald Joyce da ake yayi a lokacin.

A ganina, kowacce ce ta ƙarshe, abin da kowa ya yarda da shi shi ne sun tsaya.

BIKIN GAWA, DA TAKARDAR BASHI

Gawar mutum uku kawai aka samu cikin takwas: Hartley, Hume da Clarke. Jirgin Mackay-Bennett da aka tura kwasar gawawwaki ya tsinci Hartley, aka ba shi lamba 224. Hume da Clarke a Halifax ta Kanada aka binne su. Shi Hartley aka dawo da shi Libaful a jirgin Arabic, mahaifinsa ya tarbi akwatin ya kai shi Colne. Ranar 18 ga Mayu 1912 aka binne shi, kuma an ƙiyasta mutum dubu 30 zuwa 40 ne suka yi layi a bakin hanya, a ƙaramin gari irin wannan. Kwana shida bayan haka aka yi gagarumin taron kiɗa a ɗakin Royal Albert na Landan, makaɗa kusan ɗari biyar suka haɗu don girmama su. A 1915 aka kafa mutum-mutuminsa a Colne.

To ga ɗaya ɓangaren. Mako biyu da nitsewar jirgin, mahaifin Jock Hume ya sami takarda daga kamfanin Black. Ba ta'aziyya ba ce. Bashi ake bin ɗansa, sule 5 da kwabo 4, da kuma kuɗin kayan sawa na aiki, wai a biya. Ɗan da ya mutu sanye da kayan!

Da iyalan makaɗan suka nemi diyya, White Star ya ce ai ba ma'aikatansa ba ne, fasinjoji ne, su je wurin Black. Black ya tura su wurin kamfanin inshora. Inshora ya ce shi ma babu ruwansa. Aka je kotu, ba su yi nasara ba. Sai a farkon 1913 asusun taimako da jama'a suka tara wa waɗanda haɗarin ya shafa ya yarda ya ɗauke su kamar sauran ma'aikatan jirgi. Wato kuɗin jama'ar gari ne ya share musu hawaye, ba na waɗanda suka ci gumin su ba.

Shi kuwa Roger Bricoux, tunda ba a ga gawarsa ba, a 1913 sojojin Faransa suka rubuta shi a matsayin wanda ya guje wa aikin soja. Sai a shekarar 2000 aka wanke sunansa. Allah sarki.

GOGEN MARIA

Maria Robinson ba ta yi aure ba har ta mutu a 1939. Rahotannin lokacin sun ce an sami Hartley da jakar fata ɗaure a jikinsa, kuma bayanan da masu bincike suka bi sun nuna gogen ya koma hannun Maria. Bayan mutuwarta 'yar'uwarta ta ba da shi ga wata ƙungiyar addini a Bridlington, daga nan ya bi hannu-hannu, har aka tsince shi a 2006 cikin tarkace a saman wani gida. An yi shekara bakwai ana gwaje-gwaje kafin a ce shi ne, kodayake akwai masu ja, saboda jerin kayan da aka rubuta an samu a jikin gawar bai ambaci goge ba. Ranar 19 ga Oktoba 2013 aka yi gwanjonsa a kan fam 900,000. Gogen mutumin da aka rage wa abokan sana'arsa albashi zuwa fam 4 a wata ke nan.

ME ZA KU KARANTA?

Ga manya, a fara da A Night to Remember, Turancinsa mai sauƙi ne kuma yana tafiya kamar fim, an ma yi fim ɗinsa a 1958. Mai son labarin makaɗan zalla ya nemi The Band That Played On na Steve Turner, 2011. A shekarar ne kuma Christopher Ward ya fitar da And the Band Played On. Shi jikan Jock Hume ne, don Hume ya mutu ya bar budurwarsa da ciki, 'yar da aka haifa ita ce mahaifiyar marubucin.

Ga ƙannenmu da ke firamare da ƙaramar sakandare akwai Exploring the Titanic na Robert Ballard, mutumin da tawagarsa ta gano gawar jirgin ranar 1 ga Satumba 1985 a zurfin kusan mita 3,800. Akwai I Survived the Sinking of the Titanic, 1912 na Lauren Tarshis. Akwai kuma Polar the Titanic Bear, wanda wata uwa da ta tsira, Daisy Spedden, ta rubuta wa ɗanta a 1913, aka buga shi a 1994. Na yara suna koya jarumta da tausayi, na manya kuma su ne ke fito da takardar bashin. A karanta duka biyun.

Mu ma ba a bar mu a baya ba wajen labarin jirgin, don a 2003 Farouk Ashu-Brown ya yi fim ɗin Hausa mai suna Masoyiyata Titanic. Marubutanmu kuwa, ga fili: labarin makaɗan nan takwas da Hausa, na tabbata zai sami masu karatu.

ABIN DA YA SHAFE MU

Ku ɗauki waƙar fim ɗin da kuka fi so a bana. Kun san jarumi da jarumar da suka hau kanta. Wataƙila kun san wanda ya rera. To wa ya yi kiɗan? Wane yaro ne ya kwana a situdiyo a Kano yana danna fiyano har asuba? Nawa aka ba shi, kuma akwai takarda? Haka ma a da: mun haddace sunan Shata, amma mutum nawa a cikinmu za su iya lissafo masu kalangunsa da 'yan amshinsa?

Hartley da mutanensa sun sami yabon da ba kowane makaɗi ke samu ba, amma ranar da iyalansu suka je neman haƙƙi, ba yabo aka duba ba, takarda aka duba, takardar kuma ta ce fasinjoji ne. Don haka ɗan'uwa mai kiɗa, ko kana Kazaure kana haɗa na 'yan biki, ko ka tafi Kano neman sa'a, kafin ka fara aiki ka san wa ya ɗauke ka, nawa zai biya, sunan wa zai fito, kuma a rubuta. Ba rashin yarda ba ne, kariya ce gare ka da iyalinka. Mu kuma masu sauraro, in waƙa ta yi mana daɗi mu riƙa tambayar wa ya yi kiɗan, mu ambaci sunansa tun yana raye yana ji.

Sai mun haɗu a tarihi na gaba.